Waiwaye: Tsohuwar Kwalejin Katsina da wahalar riƙon ginin ƙasa

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka gina Kwalejin Katsina. An fara karatu a 1921, Gwamnan Najeriya na lokacin, Clifford, ya buɗe ta a 1922, don a horar da malaman makarantun Arewa. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi sahu a 1928. A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, daga can Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ginin kuwa, wanda da ƙasa aka yi shi, yana nan Katsina. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na Najeriya, yanzu kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi da dokar 1979 ta kafa.

Doka ta hana a rushe shi ko a sauya masa fasali ba da izini ba. Sai dai ruwa da gara ne ke cin ginin ƙasa, maganinsu kuwa aiki ne na kowace shekara.

Irin wannan gini da tubali ake ɗora shi, bango ya yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa zuwa sama. Rufin azara ne na giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyi in tazara ta wuce kamar mita 2, shi ya sa magina ke yin bakan gizo: a dasa azara a bango, a ɗaura wata a kanta tana leƙowa gaba, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. A sama a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, sannan a shafe da laso, wato katsin marina da aka kwaɓa da gashin majema da ruwan dafara. Bango kuma a yi masa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Ɓarna daga indararo take farawa. In ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, ya tsiyaya zuwa bakin azarar da ke cikin bango, ta ruɓe, rufi ya lotsa. Bangon gabas ya fi shan wuya, don ta nan hadari ke tasowa.

A da wannan ba matsala ba ce. Akwai Sarkin Magina da yaransa, marina na ci, katsi ba ya yankewa. Da rini ya ja baya katsi ya yi wuya, giginya ta yi tsada, 'ya'yan magina suka koma bulo. Sai aka shiga shafa wa tsofaffin gidaje siminti, wanda a ganinmu shi ne kuskure mafi muni. Siminti ba ya kama ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa mafita, bango ya jiƙe daga ciki alhali waje na nuna lafiya, ran nan sai shafen ya zubo gaba ɗaya da rabin tubalin.

Lokacin gyara ma yana da ƙa'ida. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake yashe indararo, a cike tsaga, a yi sabon yaɓe, don ya bushe sarai kafin ruwan farko. Laso ko makubar da aka shafa a kan bango mai danshi ba ta kai ƙarshen damina.