Hawan kwalekwalen roba a kogi mai tafasa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun ranar da ɗan yayata ya ɗora bidiyon nan a WhatsApp, wanda aka ɗauke ni ina kifewa a Kogin Tana, ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a unguwar Aboabo ta Kumasi ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, wancan a cikin motar haya ta trotro a hanyar Kejetia, wata Hajiya kuma ta aiko ɗanta har gida, alhali tambayoyin ba su taka kara sun karya ba, su ɗin dai ake ta juyawa. Sau uku kacal na hau, biyu a Sagana ta ƙasar Kenya, ɗaya a Jinja ta Yuganda, kuma kowane karo a ƙarƙashin jagora. Na rubuta amsoshin a nan domin duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa ya karanta da kansa.

Wai shin mene ne abin?

Ƙaramin kwalekwale ne na roba da ake hura wa iska, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, wanda masu sana'ar suke yi wa laƙabi da ɗan agwagwa. Ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu a inda kogi yake gangarowa ta kan duwatsu yana kumfa, jagora yana gaba yana nuna hanya, masu ceto suna biye.

Ba ya fashewa idan ya bugi dutse?

Ba balan-balan ɗin yara ba ne. Robarsa mai kauri ce, iskarsa a rabe take ɗaki-ɗaki ta yadda hujewar ɗaya ba ta nutsar da shi, kuma akwai ƙofofi a gindinsa da ruwan da ya shiga yake fita ta nan da kansa.

Ana faɗawa ruwa?

Ana faɗawa ƙwarai, kuma ai kun ga tawa faɗawar kun yi dariya har kun gode Allah.

To idan na faɗa, me zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma sai an gama tambayar kuɗi da hoto ake tunawa da ita. Ƙanena, ka saurara da kyau. Kada ka yi yunƙurin miƙewa tsaye, ko da kana jin ƙafarka tana taɓa ƙasa. Mutumin da ya tsaya a cikin ruwa mai gudu, idan ƙafarsa ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, ruwan zai tunkuɗa shi ta baya ya kifa fuskarsa ƙasa, kuma zai iya halaka a wurin da zurfinsa bai wuce ƙugu ba. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, nauyinsa kilo 1,000 ne, wato buhun siminti 20, kuma irin wannan nauyin ne yake bi ta kanka ba tsayawa. Duk ƙarfin da kake taƙama da shi a filin ƙwallo ba shi da amfani a nan.

Abin da za ka yi shi ne ka kwanta rigingine, ƙafafunka suna gaba wajen da ruwan ya nufa, yatsunsu a sama har kana ganinsu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe domin ka riƙa tokare duwatsu da tafin ƙafa maimakon kai. Ka shaƙi iska bayan igiyar ruwa ta wuce, ka rufe baki idan ka ga wata tana tahowa. Idan aka jefo maka igiyar ceto, igiyar za ka kama, ka bar jakar da ke bakinta, ka riƙe ta a ƙirji tana bi ta kan kafaɗa, kuma kada ka kuskura ka naɗe ta a hannu. Itacen da ya faɗo cikin kogi kuwa ka guje shi iyakar ƙarfinka, domin rassansa rariya ne, ruwa yana wucewa ya bar mutum a danne. Sai ruwan ya lafa, ya dawo ƙasa da gwiwa, sannan ka miƙe.

Akwai inda ake yi a nan Gana?

Abin da mutanenmu suke zuwa yi a Akosombo da Ada tuƙi ne a kan ruwa kwance, kuma yana da daɗinsa, amma wani abu ne daban. Kogin Volta yana da gangaren duwatsu a da wajen Senchi da Kpong, sai dai an gama madatsar Akosombo a 1965, ta Kpong a 1982, ruwan ya zama mai ladabi. Tafkin Bosomtwe da ke nan kusa da mu, tafiyar kilomita 30 ko makamancin haka daga Kumasi, a kwance yake lumui, har masunta suna tuƙa ɗan katako da hannu a kansa. Wanda yake son ruwa mai tafasa da jagora ƙwararre ya fi samunsa a gabashi da kudancin Afirka: Kogin Tana a Sagana, Kogin Nilu a Jinja, da Kogin Zambezi a ƙasan magangarar Biktoriya, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. A Jinja ma madatsar Bujagali da aka gama a 2012 da ta Isimba a 2019 sun haɗiye wasu daga cikin shahararrun wuraren.

Samarin da na ji suna shirin ɗaukar tiyub ɗin tayar mota su shiga Kogin Offin da damina kuwa, ina roƙonsu da girman Allah su bari. Babu jagora, babu mai ceto, babu wanda ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin ruwan da masu galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka dagula ya koma kamar koko.

Mene ne wannan mataki-mataki da ake faɗa?

Ma'aunin wahalar ruwan kogi ne daga 1 zuwa 6 wanda ƙungiyar American Whitewater ta Amurka ta tsara, kuma da shi ake aiki a ƙasashe da yawa. Na 1 da na 2 hanyarsu a buɗe take, na 3 yana da igiyoyin da ke kifar da mutum, na 4 da na 5 na gwanaye ne, na 6 kuwa ganganci ne. Sabon shiga a ƙaramin kwalekwale ya tsaya a na 2, in ya yi yawa ya ɗanɗana na 3 mai sauƙi. Zambezi da kuke gani a bidiyo tana da na 5 da yawa, saboda haka ku cire ta daga lissafin farko.

Ban iya iyo ba. Zan iya zuwa?

A nan ne nake jan numfashi kafin in ba da amsa, domin wanda ya ce maka i kai tsaye ya cuce ka, wanda ya ce maka a'a kai tsaye kuma wataƙila ya hana ka abin da za ka iya. Gaskiya ne cewa kamfanoni da yawa suna karɓar wanda bai iya iyo ba a ruwa mai sauƙi, tunda rigar hana nutsewa ce take ɗaga mutum. Amma rashin iya iyo iri-iri ne. Akwai wanda bai san yadda ake kaɗa hannu da ƙafa ba, amma idan ruwa ya rufe fuskarsa zai riƙe numfashi ya jira. Akwai kuma wanda da zarar ruwa ya shiga hancinsa hankalinsa ya tashi, sai ya rarumi duk abin da ke kusa, ko mutum ko itace. Na farkon yana iya zuwa bisa sharuɗɗa, na biyun kuwa yana da sauran aiki a gida. Matsalar ita ce yawancinmu da muka tashi a Zango, waɗanda ruwan da muka sani bai wuce na bokiti ba, ba mu taɓa gwada kanmu ba balle mu gane ko wane iri ne mu.

Sannan rigar ma tana da iyakarta. Farin da kake gani a ruwan, iska ce ta gauraya da shi, kuma ruwan da ya cika da iska ba ya ɗaga mutum kamar ruwa kwance, shi ya sa za ka iya yin 'yan daƙiƙu a ƙasa kafin ka taso ko da rigarka a ɗaure take tamau. Daƙiƙun ba su da yawa, amma ni da na ɗanɗana su na ɗauka an yi sallar la'asar an idar ina ciki. Akwai kuma lokacin da kwanciya rigingine ba ta isa ba, inda jagora zai daka maka tsawa ka juya ka yi iyo da ƙarfi zuwa gaɓa domin akwai itace ko rami a gaba, kuma a nan ne wanda bai iya ba yake zama nauyi a kan masu ceto.

Ya kuma danganta da jirgin. Babban jirgin roba mai ɗaukar mutum shida ko takwas, wanda jagora yake zaune a bayansa yana sarrafa shi, ya fi wuyar kifewa, kuma idan ka faɗa akwai hannuwa da yawa da za su fizgo ka. A ƙaramin kuwa kai ne direba kai ne kwandasta, kuma kifewarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan za a haɗa ka da jagora a mai ɗaukar mutum biyu, shi a baya kai a gaba, to lamarin ya yi sauƙi sosai. Ya danganta har da ranar, domin wurin da yake mataki na 2 da rani yana iya zama wani abu daban bayan ruwan sama na kwana biyu, ko idan an saki ruwa daga madatsa a sama, kuma mu da muka ga abin da sakin ruwan Akosombo ya yi wa garin Mepe a 2023 ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan.

Shawarata, idan har za a ɗauka, ita ce ka biya kuɗin shiga wurin wanka na wani otal a nan Kumasi inda akwai mai tsaro, ka sa rigar, ka kwanta rigingine har jikinka ya yarda cewa tana ɗaga ka, sannan ka tsoma fuskarka ka ƙirga goma a natse, ka maimaita haka ranaku da dama. Idan ka iya, ka nemi mataki na 2 tare da jagora a cikin kwalekwalenka. Idan ka kasa, babu abin kunya, ka koyi iyo tukuna, kogin ba zai ƙafe kafin ka shirya ba. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai asma mai tsanani, da mai juna biyu, su likita ne zai yi musu magana kafin ni.

Abu ɗaya dai ba na sassauci a kansa, shi ne ka faɗa wa jagora gaskiya. A tafiyata ta biyu an tambaye mu waye bai iya iyo ba, wani bawan Allah mai faɗin ƙirji ya yi shiru saboda akwai mata a wurin. Da ya faɗa ruwa, mai ceto ya matso ya miƙa masa bayan kwalekwalensa ya kama, sai ya haye kan mutumin gaba ɗaya ya kifar da shi, aka koma ceton mutum biyu maimakon ɗaya. An fito da su lafiya, amma da ya buɗe baki tun farko da an ajiye shi kusa da jagora. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa, kuma wanda bai iya ba ya fid da kansa da faɗin gaskiya tun yana kan tudu.

Ai in ajali ya yi ko a kan gado ne sai an tafi, ko ba haka ba?

Haka ne, Malam, kuma ni ma sai da na karanta Bismillahi majreha wa mursaha kafin in zauna. Bayan ka karanta sai ka ɗaure hular kwanonka, ka bar jagora ya kama kafaɗun rigarka ya ɗaga, idan ta taso har kunnuwanka a ƙara tsuke ta.

Mu mata fa, da hijabi za mu shiga?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ana shiga da sutura cikakkiya, kuma babu mai tilasta miki tsiraici. Abin da ba a shiga da shi shi ne dogon hijabi, da abaya, da zane, da duk wani abu mai jan ƙasa, domin yana shan ruwa ya yi nauyi, yana naɗe ƙafa, kuma reshe yana iya kama shi. Ki nemi dogon wando da riga mai dogon hannu irin na 'yan wasanni, masu saurin bushewa, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda hular kwano za ta zauna a kansa, ki cusa bakinsa a cikin riga, kuma kada ki sa fil ko allura. Maza ma su bar jallabiya da wandon jins a masauki. Silifas kuwa a igiyar farko ruwa yake raba mutum da su, sai a nemi takalmi mai ɗauri a dunduniya.

Babu kada da dorina?

Akwai su a wasu kogunan, Zambezi na ciki, kuma sun fi zama a inda ruwa yake kwance. Jagora ya san wuraren, idan ya ce kada a tsoma ƙafa sai a bi. Abin da ya fi kamata ka sa a rai shi ne tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan daɗi a wurare da yawa na Afirka har da Tafkin Volta namu, don haka idan ka dawo ka gaya wa likita inda ka shiga domin a gwada ka idan lokacin gwaji ya yi.

Zan iya zuwa ina azumi?

Za ka sha ruwan kogi ko kana so ko ba ka so, saboda haka ka bari sai bayan salla.

Nawa ne kuɗin?

Farashi yana canzawa, ka tambayi kamfanin da kanka. Kuɗin jirgin sama daga Accra ne zai fi cin aljihunka, kuma bayan ka kashe wannan, wauta ce ka tsaya neman mai araha a bakin kogi. Ka tambaye su masu ceto nawa ne za su bi ku, ka duba ko maɗaurin rigunan da na hulunan suna kamawa, ka lura ko sun zaunar da ku sun yi muku bayani har da gwajin kifewa a ruwa kwance kafin a tashi. Wanda ya miƙa maka filafili ya ce bismillah ba tare da wannan ba, ka karɓi kuɗinka ka juya.

Zan iya riƙe wayata in ɗauki bidiyo?

Filafili hannu biyu yake bukata, kuma sabon shiga ya fi kifewa ne a daidai lokacin da ya daina tuƙi ya tsaya kallon igiyar da ke tahowa, alhali abin da ake so shi ne ya saita hancin kwalekwalen a kanta ya ci gaba da tuƙi. Kamfanoni da yawa suna da mai ɗaukar hoto da ke tsayawa a kan dutse, kuma shi ne ya ɗauki wanda kuke yi mini dariya da shi. Tabarau na da na manta ban ɗaure ba yana can ƙasan Kogin Tana, kuma ba na so wayarka ta je ta same shi.