Dakatar da tallafin Amurka: me umarnin ya ce, ta ina ya shafi asibitocinmu?

Ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90, domin a sake nazari. Ba a jima ba aka umarci ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin su tsaya cak. Zuwa 1 ga Yuli an rufe USAID, hukumar da ke raba tallafin Amurka a ƙasashen waje, aka miƙa ragowar ayyukanta ga ma'aikatar harkokin wajen ƙasar.

Mai karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki a Kaduna, Zariya ko Kafanchan ba sayen maganin yake yi ba. Kaso mai tsoka na kuɗin daga PEPFAR yake fitowa, wato shirin gwamnatin Amurka na yaƙi da cutar wanda aka kafa a 2003, da kuma Global Fund, asusun duniya na yaƙi da cututtuka.

Gaskiya ne sakataren harkokin wajen Amurka, Marco Rubio, ya ware ayyukan ceton rai daga dakatarwar, har da wannan magani. To amma ƙwaya ba ta kai kanta hannun majinyaci. Akwai direban da ke kai samfurin jini ɗakin gwaji, da mai rubuta kati, da matar da ke shiga lungu tana neman wanda ya daina zuwa. Da yawansu ƙungiyoyi ke biyansu, kuma su ne sallama daga aiki ta fara hawa kansu. Nan abin ya fi ci mini rai, domin wanda ya yanke shan magani, ƙwayar cutar kan sake yawa a jininsa, wani lokaci har ta daina jin maganin.

Birtaniya ma ta ce za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigarta nan da 2027.

A gida, majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don rage giɓin. Akwai kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, wadda ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga kiwon lafiya matakin farko. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255. Hakkinka ne ka tambayi kwamitin asibitin mazaɓarku ko kuɗin na isowa, da abin da aka saya da su.

Mai shan magani kuwa, don Allah kada ka rage ƙwaya don ta daɗe. In aka ce babu, ka nemi a tura ka wani asibitin a ranar.