Waiwaye: Mota babu direba, wa zai ɗaure keken guragu?

A watan Oktoban 2015, a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, wani makaho ya shiga 'yar ƙaramar motar Google da ba ta da sitiyari, ta zaga da shi unguwa a kan titin jama'a, shi kaɗai. Daga nan kamfanonin motoci masu tuƙa kansu suka samu abin nunawa: makaho da tsoho da wanda farfaɗiya ta hana shi lasisi, kowa zai fita sa'ad da ya ga dama. An yi nisa kuwa, domin a gasar motoci marasa direba da DARPA, hukumar bincike ta sojan Amurka, ta shirya a 2004 a hamadar Mojave, motar da ta fi kowace ƙoƙari ba ta cika kilomita 12 ba. A 2020 Waymo, wanda ya fito daga Google, ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a yankin Phoenix.

Makafi sun samu rabonsu: manhajar kiran motar a waya tana karanta musu bayani, suna iya sa motar ta yi ƙara don su gano inda ta tsaya. Mai keken guragu ne aka bari a bakin titi, saboda aikin direba ya wuce tuƙi. A motar da aka gyara don naƙasassu, sai an sauke gangara, a shigar da keken, a kama shi da ɗamara huɗu masu ƙugiya, biyu gaba biyu baya, sannan a sa wa fasinja bel a ƙugu da kafaɗa. A jikin ƙarfen keken ake maƙala ƙugiyar. In aka kama taya ko madogarar hannu, birki ɗaya mai ƙarfi sai keken ya zame ko ya kife. Keke mai batir yakan haura kilo 100, kuma wanda ke zaune a kai hannunsa ba ya kaiwa ƙugiyoyin baya. Direba ne ke durƙusawa ya ɗaure.

Akwai makulli mai kama keke da kansa, amma sai an ɗaura wa keken wani ƙarfe a ƙasa, kuma kowane kamfani da irin nasa. Ga matsalar batir: masu gyaran mota sukan sauke daɓenta da kusan santimita 25 don kan fasinja ya samu wuri, motar lantarki kuwa a nan batirinta yake shimfiɗe. Motar lantarki Jaguar I-Pace da Waymo ya zuba a titi ba ta ɗaukar mutum a kan kekensa, shi ya sa a San Francisco wanda ya nemi irin wannan mota a manhajar, mai direba ake turo masa.

Cruise, wani kamfanin tasi marar direba, ya nuna samfurin mota mai gangara a Satumban 2023. A watan da ya biyo baya wata motarsa ta ja wata mata a ƙasa kusan mita 6, California ta dakatar da izininsa, a Disamban 2024 kuma General Motors, mai kamfanin, ya janye kuɗinsa. Samfurin bai kai ga yin haya ba.

Batun adalci ya shafi na wajen mota ma. Motar gwajin Uber da ta kashe wata mata a birnin Tempe na jihar Arizona a Maris na 2018 ta hango ta fiye da daƙiƙa 5 kafin karo, amma ba a tsara manhajarta ta yi tsammanin mai tsallakawa a inda babu zanen tsallakawa ba. A 2019 masu bincike a jami'ar Georgia Tech suka gano cewa manhajojin gane masu tafiya a ƙafa da suka gwada sun fi kuskure a kan masu duhun fata.

Babban giɓin yana cikin doka. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta wajabta wa ma'aikacin bas ya taimaka wajen ɗaure keke, amma ƙa'idojinta ba su tilasta wa kamfanin tasi mai ƙananan motoci ya sayi mai gangara ba. Muddin tasi marar direba tana fakewa a nan, ganin dama ne kawai zai sa kamfani ya ɗauki mai keke, kuma bai kamata a bar masa wannan zaɓi ba.