Tuta da Ƙaho a Tseren Jiragen Ruwa Masu Tafiya da Iska

Tambaya: Me ya sa alƙalan wannan tsere suke amfani da tutoci maimakon magana?

Amsa: A kan ruwa murya ba ta zuwa ko'ina, domin iska da igiyar ruwa suna haɗiye ta, kuma matuƙan sukan fito daga ƙasashe masu harsuna dabam-dabam. Saboda haka hukumar World Sailing, wadda ke sabunta dokokin tseren duk bayan shekara 4, ta ba kowace tuta ma'anarta, ta kuma haɗa yawancinsu da busar ƙaho.

Tambaya: Yaya ake fara tseren?

Amsa: Jiragen ba sa tsayawa cak kamar dawaki a filin sukuwa, kai-komo suke yi a bayan layin farawa suna lissafin lokaci. Idan saura minti 5, sai a ɗaga tutar rukunin da zai tashi, a busa sau ɗaya. Idan saura minti 4, sai a ɗaga tutar shiri, wadda galibi ita ce tutar P, shuɗiya mai farin murabba'i a tsakiya. Idan saura minti 1, sai a sauke ta da doguwar busa, sannan idan lokaci ya cika a sauke tutar rukunin, tsere ya fara.

Tambaya: Idan tuta da ƙaho suka saɓa, wanne za a bi?

Amsa: Tuta ake bi, kuma a ganina wannan ce doka mafi hikima a cikinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa nesa da 'yan bindiga ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya san cewa hayaƙi yake fara gani kafin ƙarar ta iso kunnensa, domin sauti mita 340 kacal yake ci a daƙiƙa. Matuƙin da ke can ƙarshen layi, in ya tsaya jiran ƙaho, an riga an bar shi. Ko da ƙahon bai yi ƙara ba sam, lissafin lokacin farawa ba ya canzawa.

Tambaya: Wanda ya ƙetare layi kafin lokaci fa?

Amsa: Za a ɗaga tutar X, fara mai shuɗin gicciye, da busa ɗaya, ya koma ya sake farawa. Idan kuwa baƙar tuta aka ɗaga a matsayin tutar shiri, wanda ya ƙetare a cikin mintin ƙarshe an kore shi ke nan ba tare da an saurari uzurinsa ba. Tutar N da busa uku kuma tana nufin an soke tseren.