Wa ke da ikon ganin wasiyyar mamaci a Ingila?

A Ingila da Wales, kasancewarka ɗan mamaci ko matarsa ko ƙaninsa bai ba ka ikon cewa dole a nuna maka wasiyyarsa ba. Daga ranar rasuwa har kotu ta tabbatar da takardar, tana hannun wasiyyi ne, wato wanda mamacin ya naɗa ya biya masa bashi, ya raba abin da ya bari. In ya ga dama ya nuna wa dangi, in bai ga dama ba ya ja bakinsa. Ko tara iyali a karanta musu wasiyya, doka ba ta wajabta ba. Wasiyyi mai hankali dai yakan nuna, don ɓoyon ne ke haifar da zargi.

Da zarar ofishin gado na kotu ya ba shi takardar izinin raba dukiya, sirri ya ƙare. Kowa, har maƙwabci da ɗan jarida, zai iya shiga shafin gwamnati a intanet, ya biya kuɗin da aka yanka, a turo masa kwafi, kuma rajistar ta faro tun daga 1858. Gidan sarauta ne aka fi sani da samun togaciya: a 2021 kotu ta ce a rufe wasiyyar Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, har shekara 90.

Wanda ya ga shiru ta yi yawa yana iya sa ofishin ya riƙa duba masa na wata 6, izini na fita a aiko masa. In kuwa yana zargin an yi wa wasiyyar coge, ko an matsa wa mamacin lamba kafin ya sa hannu, sai ya shigar da takardar dakatarwa, ita ma ta wata 6, kafin izinin ya fita.

Inda ake shan wuya shi ne ƙaramar dukiya, ko gidan da miji da mata suka mallaka tare, wanda kan koma hannun mai rai kai tsaye. Sau da yawa ba a neman izinin kotu a nan, don haka wasiyyar ba ta shiga rajista, sai dai a bi ta lauya.

Matar da aka tsallake a wasiyyar, ko ɗa, ko wanda mamacin ke ciyarwa, wata dokar gado ta 1975 ta ba su damar neman kaso a kotu, muddin Ingila ko Wales ce mazaunin mamacin na dindindin. Wa'adin wata 6 ne daga ranar da izini ya fita, ba daga ranar da suka ga takardar ba.