Lulluɓe ƙasa da kara a gonakin Tawa

Lulluɓe ƙasa dabara ce ta noma da ake shimfiɗa karan hatsi ko na dawa, busasshiyar ciyawa, ko rassan sabara da kalgo a bisa gona domin ƙasa ta riƙe laima. A jihar Tawa ta ƙasar Nijar damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a birnin Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Sau da yawa ruwan kan ɗauke na kwanaki bayan shuka, kuma a nan ne ake gane gonar da aka rufe da wadda aka bari tsirara.

Kara yana yi wa ƙasa inuwa, sai zafinta ya ragu, rana ba ta tsotse ruwan da wuri ba. Yana karya ƙarfin guguwar farkon damina da ke binne ƙananan tsiro da rairayi, yana kuma tare ƙurar hunturu, wadda ita ma taki ce. Amma babban aikin na gara ne. A kan fako, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, manomi kan zuba kara tun da rani. Gara ta zo ci, ta huda ƙasa da ramukanta, ruwan sama ya sami hanyar nitsewa. Ƙwaron da ake tsinewa a rumbu, a fako ɗan ƙwadago ne da ba a biya.

Bayan farin 1984 ne gyaran ƙasa ya bunƙasa a Adar, wato yankin Tawa, musamman da aikin raya karkara na Keita da ƙasar Italiya ta tallafa, sannan da tassa, wato ramukan shuka da suka yaɗu a yankin Illela. Ana haɗa lulluɓewa da su, da kuma rabin wata, wato ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwan sama. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, gwaje-gwaje sun nuna cewa tan 2 na kara a hekta ɗaya yana ƙara amfanin hatsi.

Samun wannan adadin ne da wuya. Kara na da masu nema da yawa: dabbobi na ci, mata na girki da shi, ana yin darni da rumbu, ga shi yana kuɗi a kasuwa da bazara. Wanda ya bar shi a gona kuma, shanu na iya cinyewa kafin ruwa ya sauka. Shi ya sa yawancin manoma ba su rufe gona duka, sai dai wuraren da suka fi gajiya.