PM2.5: lambar da ake aunawa a bakin manyan tituna

Idan aka fitar da rahoton gurɓatar iska a babban birni, da wuya ka rasa ganin PM2.5 ko PM10 a ciki. Mutane da yawa sun ɗauka 2.5 ɗin ita ce yawan gurɓatar, alhali girman ƙwayar ƙurar take nunawa. PM gajarta ce ta Turanci da ke nufin burbushin da ke shawagi a iska: toka, baƙin hayaƙi, ƙurar ƙasa, ɓarɓashin ƙarfe, har da ɗigon sinadarai. PM10 ita ce ƙwayar da faɗinta bai wuce maikiromita 10 ba, PM2.5 kuwa ba ta wuce 2.5. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai maikiromita 70, ke nan sai an jera irin wannan ƙwaya kusan 30 kafin a cika faɗin gashi guda.

Dalilin rarraba su ta girma shi ne jikin ɗan Adam haka yake tace su. Hanci da maƙogwaro suna tare manyan. Ƙananan kuwa sukan kutsa can ƙasan huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, su haddasa asma, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. Binciken da masanan jami'ar Harvard suka wallafa a 1993 kan birane shida na Amurka ya nuna cewa inda wannan ƙura ta fi yawa, mutane sun fi mutuwa da wuri. A 1997 Amurka ta kafa wa PM2.5 iyaka a doka.

Lambar da ke nuna yawa daban take, ita ce nauyin ƙurar da ke cikin mita kubik ɗaya ta iska, ana ƙirga shi da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin PM2.5 na shekara ya wuce maikirogiram 5, na awa 24 kuma kada ya wuce 15. Kafin nan, tun 2005, iyakar shekara 10 ce. Ƙalilan ne cikin manyan biranen duniya ke cika sabon sharaɗin.

To, ta yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Hanyar asali ba ta da wani siddabaru. Famfo ne ke zuƙo iska na tsawon awa 24, bakin bututun an ƙera shi yadda manyan ƙwayoyi za su maƙale, ƙanana su wuce su sauka kan wata takardar tacewa. Ana auna nauyin takardar kafin a sa ta da bayan an cire ta, a ɗakin da aka daidaita zafi da danshinsa, sai a raba bambancin da yawan iskar da ta ratsa. Sakamakon abin dogaro ne, sai dai yana ɗaukar kwanaki, kuma ba ya gaya maka ko da safe ne abin ya ƙazanta ko da yamma. Shi ya sa tashoshin hukuma ke amfani da na'urori masu ba da adadi kowace awa. Akwai kuma ƙananan na'urori masu araha da ke haska iskar da hasken leza, su kimanta yawan ƙurar daga yadda hasken ya watse. Suna da amfani, amma danshi yana yaudararsu, domin ƙwayoyin kan sha ruwa su kumbura, na'ura ta ƙara gishiri. Wanda bai gwada irin wannan na'ura kusa da ta hukuma ba kafin ya fara yaɗa lambobinta, ya yi gaggawa.

A bakin titi, inda aka ajiye na'ura ya kusa fin ita kanta na'urar muhimmanci. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta shekarar 2008 ta ce tashar da ke auna gurɓatar motoci kada ta yi nisa da gefen titi fiye da mita 10, ta nisanci babbar mahaɗa da aƙalla mita 25, bakin bututunta kuma ya kasance tsakanin mita 1.5 da 4 daga ƙasa. Titin da dogayen gine-gine suka sa a tsakiya yakan riƙe hayaƙi, iska ta riƙa juya shi tana tara shi a gefe ɗaya, har gefuna biyu na titi guda su ba da lambobi mabambanta.

Kuma ba duk abin da aka auna a nan ne titin ya haifar ba. PM2.5 tana iya yin kwanaki a sama, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Wani kaso ma a cikin iska yake haɗuwa, daga tururin masana'antu da na taki a gonaki. Don haka sai an sami tasha ta biyu a unguwar da ba cunkoso, a cire adadinta daga na bakin titi, kafin a san rabon motoci. A Landan haka ake kwatanta tashar titin Marylebone da ta North Kensington.

Wannan rabon ma ba daga salansa kaɗai yake fitowa ba. Birki yana cinyewa, taya tana gogewa, kwalta tana farfashewa, kowace mota kuma tana tayar da ƙurar da ta riga ta kwanta. Motar lantarki ta raba mu da hayaƙin dizal, wanda aka sa cikin masu haddasa sankara tun 2012, amma tayarta tana nan tana goga. Sannan ƙwayoyin da suka fi kowanne ƙanƙanta, waɗanda ba su kai maikiromita 0.1 ba, su ne suka fi yawa a bayan salansa, amma kusan ba su da nauyi. Ma'aunin PM2.5 nauyi yake dubawa, saboda haka masu binciken tituna sukan ƙara da na'urar da ke ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.